Maki Ɗaya Na Je Saye, Kunya Na Kwaso

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya abin nan yake cina a rai, na ce bari in amayar da shi ko na samu barci.

Yarona yana ajin 4e a kwaleji, wato shekararsa ta uku. Sakamakon ƙarshen shekara ya kusa fita, na samu labari 9 da 'yan kai gare shi cikin 20, alhali 10 ake nema. Ga BEPC, jarrabawar gama kwaleji, baɗi in ya wuce. Da la'asar sakaliya na rufe shago, na sa jika 10 a ambulan, na goya yaron a babur, sai gidan mushensu, wato malaminsu na lissafi, can unguwar Zariya.

Mun iske shi a zaure bisa tabarma, takardun yara tsibi a gabansa, jan bik a hannu, garin alli ma bai gama fita daga hannun rigarsa ba. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye irin namu na 'yan kasuwa, sannan na tura ambulan ƙarƙashin gefen tabarma. Ya dube ta, ya dubi yaron. Ya ce, "Alhaji, da zan zo awon gero wurinka ka auna mini da tiya mai bugaggen gindi, me za ka kira kanka?" Na yi shiru. Ya ɗaga bik ɗin ya ce, "To wannan ita ce tiyata. Ɗauki kuɗinka. Ka turo mini shi lokacin hutu, ba sai ka biya ko dala ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Malamin kwantaragi ne fa, irin waɗanda wata kan mutu wani ya kama ba su ga kuɗinsu ba.

A hanya yaron bai ce uffan ba, sai da muka kusa gida ya ce a bayana, "Baba, ashe ana sayen maki?"

Ni na koya masa wannan, da hannuna. Darasin da bai taɓa ji a aji ba, ubansa ya goya shi a babur ya kai shi ya gani.

Ku gaya mini gaskiya, iyaye 'yan uwana: wa ya taɓa zuwa wurin malamin allo ya ce, "Malam, ga goro, a ce yaron nan ya haddace izu biyar," alhali bai haddace ba? Babu. Ko a mafarki ba mu yi. Muna kai kuɗin Laraba da ladabi, muna durƙusawa mu gaida malam. Amma da an ce lakwal, sai mu tuɓe tsoron Allah mu aje bakin ƙofa kamar takalmi, sai ka ce mala'iku masu rubutu ba su shiga makarantar boko. Hadisin mai tsibin hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, duk mun haddace shi, muna jawo shi a Babbar Kasuwa in an cuce mu a buhun wake. Ba mu taɓa tuna shi ranar jarrabawa.

Uwa ta ɗora wa yarinya talla ranar Litinin, Talata ta je ta rantse wa darakta cewa zazzaɓi ne, yarinyar na tsaye tana ji. Uba ya sayi waya ya ba yaro don a turo masa amsa ta WhatsApp. Wani ya je har cikin aji ya ci mutuncin madam gaban ɗalibanta don ta ƙwace 'yar takardar da ɗansa ya cusa a safa. Haba jama'a! Sannan mu dawo majalisa muna cewa 'ya'yan zamani ba su da tarbiyya.

Malamai, ku ma kar ku ce na manta da ku. Wanda yake rage darasi a aji don yara su biyo shi na yamma na kuɗi, ya sani tiyarsa ma bugaggiya ce. Allah ya saka wa masu riƙe amana, suna nan da yawa, wasu a rumfunan zana suke koyarwa cikin zafin Afrilu.

Yaran nan su ne gobe za su nemi shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su karanta likitanci. Wanda aka saya wa maki tun kwaleji, ranar da zai riƙe allura ba a san jikin wa za ta shiga ba. Wataƙila naka, wataƙila nawa.

Don Allah mu bari. Don girman Allah mu bari, ko don idon yaran da ke kallonmu.

Na zaunar da nawa daren jiya na ce masa ubansa ya yi kuskure. Da kyar maganar ta fita. In ajin zai maimaita, ya maimaita. Gobe in sha Allah zan koma zauren nan hannu rabbana in ba mushe haƙuri. Ku sa ni a addu'a.