Ku bar jarumin ya fara daga mataki na ɗaya

'Yan uwa masu zama a tebur ana jefa dayis, akwai wata ɗabi'a da ke neman zama doka a tsakaninmu. Da an ce za a buɗe sabon wasan Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya a cikin labarin da mai jan wasa ke bayarwa, jarumin yana ƙara ƙarfi mataki-mataki, sai ka ji wani ya ce, "Mu fara daga mataki na uku mana, na ɗaya ɓata lokaci ne." Ni ban yarda ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Na san hujjarsu, ba ta banza ba ce. A bugu na biyar na dokokin wasan da ya fito a 2014, matsafi yana farawa da makin rai shida (makin da ke raguwa in an ji masa rauni), sai ɗan abin da ƙarfin jikinsa ya ƙara masa. Goblin guda, wato ɗan ƙaramin dodo, in dayis ya faɗa masa daidai, saransa yana iya cin maki 14. Matsafi mai maki bakwai ya mutu ke nan, ba jinya. Ga shi kuma a gyaran 2024 kamfanin Wizards of the Coast ya mayar da zaɓen reshen sana'a na kowane jarumi, wato fannin da zai ƙware a kai, zuwa mataki na uku, shi ya sa wasu ke ganin kafin nan jarumi bai cika mutum ba.

To wannan raunin shi nake so. Wanda ya san sara ɗaya zai kai shi ƙasa ba ya banka ƙofa. Sai ya kasa kunne tukuna, ya tambayi mai jan wasa ko akwai sawu a ƙasa, ya sayi igiya da tocila da 'yan kuɗinsa, ya gwada lallashin mai gadi kafin ya zaro takobi. In abin ya fi ƙarfinsa ya ranta a na kare, ba kunya. Mayaƙi kuma yana tare gaba ne don ya san in ya kauce, abokinsa ya tafi. A nan ake ƙulla zumunci tsakanin jarumai. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, sabon matsafi tsafi ɗaya tak yake da shi a yini. In ya yi shi, saura sai riƙon fitila, zana taswira da aiki da ƙwaƙwalwa, kuma mutane sun ji daɗin wasan a haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihi. Mutum ya zo da shafi uku: jaruminsa ya jagoranci rundunar sarki, ya kashe dodo, ya rama jinin mahaifinsa. Don Allah me ya rage mu yi tare? Labarin da ka rubuta kai kaɗai a ɗaki, kai kaɗai ka san zafinsa. Amma ranar da ɗan manomi mai aron mashi ya tsira daga kogo da maki ɗaya, duk teburin sun gani, sun riƙe numfashi tare, kuma bayan ya kai mataki na goma za a ci gaba da tuna masa. Ba a hawa bishiya ta sama.

Maganar ɓata lokaci ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Makin ƙwarewa 300 ne ke kai ka mataki na biyu, 900 na uku. Zama kaɗan ne.

Akwai wasannin da aka gina don ƙwararru tun farko. A Traveller na 1977 jarumi yana shiga wasa ne bayan ya yi shekaru a aikin soja ko fatauci, har yana iya mutuwa tun ana ƙirƙirarsa. Dark Sun na 1991, wani reshe na Dungeons & Dragons, ya fara da mataki na uku saboda duniyarsa, Athas, hamada ce mara tausayi. Waɗannan da dalilinsu a cikin ginin wasan. Mu kuwa yawanci tsoro ne da gaggawa.

Kai mai jan wasa, in kana fargabar 'yan wasanka su mutu tun zaman farko, gyaran yana hannunka. In goblin huɗu ka shirya musu, rage su zuwa biyu. Bar musu alama a hanya, mataccen doki ko kibiya a jikin itace, su san akwai kwanton ɓauna. In an ci su, a kama su a ɗaure a nemi fansa, su nemi hanyar kuɓuta da kansu.