Shayi uku a kan fam 2,050: ɗan gida ne ya kai mu ya baro a Alƙahira

Yau wata biyu ke nan da dawowarmu daga Masar, amma duk sanda na buɗe waya na ci karo da hoton takardar kuɗin nan sai zuciyata ta sake tafasa. Mutanen gida sun ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah ɗin, amma shiru kam ba zan yi ba, domin jirgi bai daina tashi daga Kano da marasa lafiya da masu jinyarsu ba, kuma yaron da ya yi mana wannan aika-aika yana can yana jiran wasu su sauka.

Aikin gwiwa muka kai Baba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyar da Larabci a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma duk rayuwarsa a cikin littafi ya san Alƙahira. Tun muna yara yake ba mu labarin Azhar da aka gina a wajajen shekarar 970, da Masallacin Husaini, da kasuwar Khan al-Khalili wadda wani basarake na zamanin Mamaluk ya kafa a ƙarshen ƙarni na 14. A bakinsa na fara jin cewa gahawa ta shiga Alƙahira ne ta hannun Sufayen Yaman mazauna Azhar a farkon ƙarni na 16, suna sha don su raya dare da zikiri. Cikin duk wuraren nan akwai wanda ya fi ambato, wato gidan gahawar Fishawi da ke wani lungu na kasuwar, daf da Husaini, wanda ya haura shekara 200 ana zama a cikinsa, bangonsa cike da manyan madubai, inda marubucinsu Najib Mahfuz da ya ci kyautar Nobel a 1988 yakan zauna. Ranar da likita ya ba shi izinin fita da sanda, abu ɗaya ya roƙa. Ya ce, "Ku kai ni in yi salla a Husaini, in sha shayi kofi ɗaya a Fishawi, sai mu koma gida."

Mai yi mana tafinta Bahaushe ne, wani ɗan'uwa ya haɗa mu da shi tun kafin mu taso. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi ya kama mana ɗaki a Madinat Nasr, shi yake shiga da mu wajen likita, saboda Larabcin Baba na littafi ne, na mutanen gari kuwa wani yare ne daban. Kullum sai na biya shi abin da muka yi da shi, ban taɓa rage masa ko sisi ba. Kwano ɗaya muke ci. Baba "ɗana" yake ce masa, har addu'ar gama karatu lafiya yake yi masa bayan kowace salla.

Da aka idar da La'asar a Husaini, sai ya shige gaba muka bi shi. Lungu bayan lungu, hagu, dama, kan duwatsun da suka sha tafiya suka yi santsi, ga cunkoso, ga masu turare da carbi suna jan hannun riga. Tsoho da ɗinki a gwiwa, muka yi kusan kwata muna tafiya. Na ce masa ai an ce wurin kusa yake da masallaci. Ya ce, "Yaya, ta nan ya fi sauƙi." Daga ƙarshe ya tsayar da mu a bakin wata matattakala mai duhu, ya dubi Baba cikin ido ya ce, "Baba, nan ne Fishawi. Ƙasa ya cika da Turawa, amma na sa an ajiye mana wuri a sashen sama." Hawa uku! Kusan ɗaukar Baba na yi, yana cije leɓe, yana ce mini kada in damu, ai abin da ya daɗe yana so ne.

Me muka tarar a saman? Kujerun roba an lulluɓe su da ƙyalle mai launi, talabijin na ta ihun ƙwallo, hayaƙin shisha ya turnuƙe, sai hoton Najib Mahfuz da aka buga a takarda aka manna a bango. Baba ya zauna yana haki, ya kalli gabas, ya kalli yamma, ya ce, "Ɗana, ina maduban?" Yaron ko gezau, ya ce an sauke su ana gyara.

Na nemi takardar farashi. Mai kawo shayin ya ba ni haƙuri da Larabcinsu, ya ce "ma'alesh ya basha", ya wuce. Na sake nema, sai tafintanmu ya ce in kwantar da hankalina, ya san kuɗin komai, ba tsada. Kafin mu ce uffan an dire mana gorar ruwa uku da ɗan farantin gyaɗa. Baba ya nemi shayi da na'ana'a, yaron ya nemi gahawa, ni na ce a ba ni karkade, wanda ba komai ba ne illa zoɓon da muke nomawa a Jigawa muna lodawa ƙasashen waje buhu-buhu. Can sai ga wani mai kiɗa ya tsaya a kanmu da molonsu na Larabawa. Baba ya ɗaga masa hannu cikin mutunci alamar ya bari. Bai bari ba, sai da ya yi kamar minti uku.

Ga abin da aka rubuta mana, kuma hoton yana nan a wayata. Kuɗin zama, wai mafi ƙarancin abin da kowane kai zai biya ko da ruwa kawai ya sha, fam 450 na kuɗin Masar sau uku. Kiɗan da muka ce ba ma so, fam 250. A kan wannan aka ɗora kashi 12 cikin 100 na hidima, aka sake ɗora kashi 14 cikin 100 na haraji a kan jimillar, aka cike shi fam 2,050. A canjin lokacin ya haura naira dubu 60. A ɗan gidan shayin da ke ƙasan masaukinmu, inda direbobi da masu gadi ke zama, fam 10 muke shan irin wannan shayin kowace safiya, kuma wallahi ya fi shi daɗi.

Na miƙe na ce ba zan biya ba. Mai wurin ya fito, wasu ƙarti biyu suka koma bakin matattakala suka tsaya. Na juya in ce wa tafintanmu ya fassara mini, sai na nemi yaro na rasa. Baba ne ya dafa sanda ya tashi, ya yi musu magana da tsantsar Larabcin da ya koyar shekara talatin, ya ce shi baƙo ne, marar lafiya, kuma ba a gaya masa farashi ba kafin ya sha. Mai kawo shayin ya kwaikwayi muryarsa, yana jan kalmomin kamar mai huɗuba, sauran suka tuntsire da dariya. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta yi irin abin da ta yi a lokacin ba. Ya koma ya zauna, ya ce mini a hankali, "Ba su, mu tafi." Na ƙirga na ba su, kuma ba kunya mai kawo shayin ya sake miƙo hannu wai bakshish, wato tukuici. Muna juyawa za mu sauka na hango yaronmu ta ƙofar madafa, mai wurin yana cusa masa kuɗi a nannaɗe cikin tafin hannu.

Ni ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na tashi, na san dillanci, na san la'ada. Dillali ya kawo maka mai saye, a yi ciniki a fili, ka ba shi nasa, kowa ya tafi da farin ciki. Wannan halal ne. Amma ka ci kuɗin mutum a matsayin mai yi masa jagora, sannan ka koma ka ci kuɗin wanda zai tatse shi, ka yi wa tsoho ƙarya a kan abin da ya yi shekaru yana buri, ka hau da shi bene uku da ɗinki a ƙafa saboda 'yan fam ɗari nawa, wannan sunansa cin amana. Da Bamisire ne ya tare mu a hanya ya ja mu, da na ce mun yi sakaci. Wanda ya yi mana wannan da Hausa ya yi mana, da "Baba" da "Yaya" ya yi mana.

Kada wani ya ce mini ai wuraren da suka yi suna dama tsada gare su. Na sani, kuma na shirya wa hakan. Da an kai mu inda muka ce, aka miƙo mini farashi a rubuce, ko ninki goma ne zan biya da hannu biyu, don ba shayi Baba ya je sha ba, zama ya je yi a wurin da ya karanta labarinsa a littafi. Kuɗin hidima da haraji ma ba baƙon abu ba ne, haka ake ɗorawa a manyan gidajen abincinsu. Na kuma san mutanen ƙasar suna cikin matsi, tun da aka saki fam a watan Maris na 2024 ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Mu ma nairarmu ta sha irin wannan kaye, ba wanda zai koya mana yunwa. Amma matsi ba ya halatta ka ari sunan wani wuri ka rataya wa naka, ka ɓoye farashi alhali dokarsu ta kare masu saye ta 2018 ta wajabta bayyana shi, sannan ka tare ƙofa. An ce mini da na kira 'yan sandan kula da baƙi, tunda suna nan a yankin. In bar wa wa Baba a hawa na uku? Da wane baki zan yi musu bayani, bayan mai fassarar tawa shi ne ya sayar da ni?

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wannan dole in faɗa. Akwai ɗalibanmu a Azhar da ke wahala da marasa lafiya saboda Allah, ko kuɗin mota sai an matsa musu suke karɓa. Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan Maraɗi da ke zaune a masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Madinat al-Bu'us, shi ya riƙe mu sauran kwanakin. Amma ina kira ga masu haɗa mutane da 'yan tafinta daga nan gida, da shugabannin ɗalibai a can: kun san masu yin wannan sana'a, kun san sunayensu. Ku daina miƙa musu iyayen mutane. Wanda ya haɗa mu da shi na same shi har gida na gaya masa, abin da kawai ya ce shi ne "yaro ne, a yi haƙuri". Yaron da ya iya raba la'ada da mai gidan shisha ya wuce a kira shi yaro.

A daren nan gwiwar Baba ta kumbura kamar tulu. Likita ya yi mana faɗa sosai, ya ƙara mana kwana huɗu, na biya kuɗin canza tikiti da na ƙarin ɗaki. Cikin kwanakin ne ɗan Maraɗin ya raka ni Husaini ni kaɗai, ya nuna mini Fishawi na gaskiya. Daga ƙofar masallacin ko minti biyar ba mu yi ba, kuma a ƙasa yake, ba bene ko ɗaya, ga maduban nan a bango kamar yadda Baba ya siffanta mana tun muna yara. Na kasa zama. Na koma masauki na ce, "Baba, na ga wurin, kusa ne, gobe sai mu ɗauki keken asibiti in tura ku." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a bar shi, ya fasa. Har muka hau jirgi bai sake ambaton sunan wurin ba, kuma har yau in baƙi suka zo duba shi suka tambaye shi Masar, labarin Azhar da Husaini kawai yake bayarwa.

Shekaranjiya yaron ya turo mini saƙo a WhatsApp. Yana gaishe da Baba, yana tambayar ƙafa, wai in akwai wasu masu zuwa asibiti in ba su lambarsa.