Malam, littafin zane ma karatu ne

A wata ƙaramar sakandare da ke ƙauyukan Ringim, wani malami ya ƙwace littafi daga hannun ɗan aji biyu, ya ce shirmen katun ne, ya kulle a durowa. Labari ne guda mai tsawo da aka tsara da zane, wanda yayan yaron ya tsinto a gwanjon Sabon Gari. Abin da ya fi ba ni haushi, malamin nan yana sahun gaba wajen kukan yaran yanzu ba sa karatu.

To, wane karatun ake so su yi? Makarantar ba ta da laburare. Ga yaro ya cinye littafi daga bango zuwa bango ba tare da an ɗaga masa bulala ba, har ya fara shirya nasa a bayan littafin lissafi. Na ga shafukan. Rikicin manomi da makiyayi ne a fadamar garinsu, ya yanka takardar gida-gida, maganar kowa tana saman kansa da Hausa. Inda manomin ya tarar shanu sun shiga gonar shinkafa, bai rubuta komai ba, idanunsa kawai ya zana, sun cika gidan. Babu wanda ya koya masa wannan dabara a aji. A littafin da aka ƙwace ya gano ta.

Masu cewa zane zai ɗauke masa hankali daga jarrabawa, su fara nuna mana sakamakon waɗanda ba sa zanen.

Mun sha ganin irin wannan. A 2007 gwamnatin Kano ta cinna wa littattafan Hausa wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Marubutan ba su daina ba, yau labaransu suna cikin wayar kowace budurwa. A wasu wuraren kuwa tuni aka wuce gardamar. Littafin zane na Maus ya samu babbar kyautar rubutu ta Pulitzer a Amurka tun 1992. Marubuciya Marguerite Abouet, 'yar ƙasar Ivory Coast, ta ɗauki rayuwar unguwarsu ta Yopougon a Abidjan ta mayar da ita labarin zane a 2005, daga baya aka yi fim da shi. Ba ta nemo wani abin mamaki ba, 'yan matan unguwa ne da iyayensu da gulmar maƙwabta.

Kuma kada a ce mana baƙon abu ne. Mu ne masu allon zayyana ranar sauka, mu ne masu zanen bangon soro, mu ne masu fentin bayan manyan motoci. Hannun yana nan, takarda da izini ne babu.

Ma'aikatar ilimi ta Jigawa ba sai ta jira kwangilar gini ba. Akwatin ƙarfe ɗaya na littattafai, har da na zane, a ofishin kowane shugaban makaranta, a riƙa bai wa yara aro ranar Alhamis su dawo da shi Litinin. Kafin nan, malam ya buɗe durowarsa ya miƙa wa yaro kayansa, don sauran 'yan ajinsu ma layi suke jira.