Rufin gidan gona ya cancanci sauƙin izinin sola

Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin babban gidan kaji da tsakar ranar zafi ya san ƙugin fankokin da ke jan iska ba ƙaƙƙautawa, domin da zarar sun tsaya kajin za su fara haki, in abin ya daɗe kuma a wayi gari ana kwasar mushe. A daidai wannan lokacin da mitar lantarki ke gudu kamar ana korarta, a saman kajin akwai rufin kwano mai faɗin ɗaruruwan murabba'in mita da rana ke duka ba tare da kowa ya amfana ba. Haka abin yake a wurin mai shanun tatsa da tankin sanyaya madararsa, da mai injin busar da hatsi, da mai ɗakin sanyi na ajiyar kayan lambu. Ginin da ya fi shan wuta a gona sau da yawa shi ne mai rufin da ya fi dacewa da farantan sola, kuma a ƙasashen Turai tambayar da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta ita ce ko dole manomi ya nemi izinin gini kafin ya ɗora su.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Idan gini ya riga ya tsaya kuma ana aikin gona a cikinsa, bai kamata mai shi ya zauna jiran hukuncin wani kwamiti ba. Doka ta rubuta sharuɗɗanta tun da farko, wanda ya cika su ya kira ma'aikata su hau. An ƙirƙiro izinin gini ne domin a kare maƙwabci da ƙasa daga canjin da ba ya komawa baya, alhali farantin da aka kwantar a kan rufi ba ya ƙara wa gini faɗi, ba ya cin ko taku ɗaya na ƙasar noma, ba ya hayaƙi, kuma ana iya kwance shi ranar da aka ga dama. Tsanantawa tana da wurinta, wato sabon gini da filin noma da tsofaffin gine-ginen tarihi, amma a yi wa komai kuɗin goro ɓata lokacin manomi ne da na jami'in da ke duba takardun.

Ingila misali ce mai kyau, domin tsarinta tsoho ne kuma mai tsauri. Tun dokar tsara birane da ƙauyuka ta 1947, mallakar fili ba ta ba mutum ikon yin gini a kansa sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sai dai gwamnati tana da jerin ayyukan da ta ba da izininsu a dunƙule, kuma a jerin da aka sake tsarawa a 2015 akwai sanya sola a kan gine-ginen da ba na zama ba, ciki har da na gona. Sharuɗɗan na awo ne: a rufi mai gangare kada faranti ya ɗago fiye da santimita 20, a rufi shimfiɗaɗɗe kada ya wuce mita 1 a kan ƙololuwar rufin, kuma a bar tazarar mita 1 daga bakin rufi. Idan aikin ya haura kilowat 50, wanda ke cin rufi kimanin murabba'in mita 250, sai an sanar da ƙaramar hukuma ta duba fasalinsa da ƙyallin da zai iya kashe idon maƙwabta, kuma idan ta yi shiru har kwana 56 suka cika, mai aiki yana da damar farawa. A da akwai iyakar megawat 1 da ba a tsallakewa sai da cikakken izini, amma an cire ta a watan Disamban 2023.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne manomi zai iya ɗaukar abin awo ya san matsayinsa tun kafin ya taka ƙofar banki. Cikakkiyar buƙatar izini kuwa tana zuwa da zanen gini da kuɗin rajista da ladan masu ba da shawara, da makonni takwas na jira a takarda waɗanda a aikace kan zarce haka, sannan babu wanda zai ba shi tabbacin amsar da za ta fito. Babban kamfani mai lauyoyi yana iya jure wannan, domin ya saba da shi kuma ya sa shi a lissafi. Wanda rashin tabbas ke karya wa gwiwa shi ne mai gona ƙarama, wanda ke da damar cin bashi sau ɗaya tak, kuma farashin da ɗan kwangila ya ba shi yana da wa'adi. Tarayyar Turai ta gane haka a dokar makamashi mai sabuntawa da ta gyara a 2023, inda ta ce izinin sola a kan gini kada ya wuce wata uku, wanda bai haura kilowat 100 ba kuma wata ɗaya, shirun hukuma ya zama amincewa matuƙar layin wutar wurin zai ɗauka. Jamhuriyar Ailan ma a 2022 ta ɗauke buƙatar izini daga mafi yawan rufin gine-ginen gona, ta bar iyaka a yankunan da ke kewaye da filayen jiragen sama saboda ƙyalli.

Masu adawa da sassauci suna da hujja guda da ba zan raina ba, kuma Faransa ce ta fi ɗanɗana ta. Da kuɗin sayar da wutar sola ya yi kyau, sai kamfanoni suka riƙa zuwa wurin manomi da tayin gina masa katafaren sito kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, su kuma su riƙe rufin da wutar da yake samarwa na shekaru masu yawa. Ga manomin da ke buƙatar wurin ajiye ciyawa ko tarakta wannan alheri ne. Amma an samu wuraren da aka gina sito mai girman da gonar ba ta da abin cika shi, aka karkata rufinsa kudu domin rana, cikinsa kuwa wayam, an fake da guzuma ana harbin karsana. Irin wannan ginin ya ci ƙasar noma, ya sauya kamannin karkara, kuma ya shigo ta ƙofar da aka buɗe wa noma. Shi ya sa dokar Faransa ta 10 ga Maris 2023 ta shar'anta cewa sito ko rumfa ko gidan rainon shuka da za a ɗora wa farantai dole ya dace da ainihin buƙatar aikin gona da ake yi a wurin. Wannan sharaɗi daidai ne, kuma shi ne ma ya nuna inda layin ya kamata ya bi: a binciki dalilin gina sabon sito da idon basira, a bar tsohon da ke cike da dabbobi ya ɗauki farantansa.

Italiya ta bi wannan tunani ta hanya mai zafi. Ta ware yuro biliyan 1.5 daga kuɗin farfaɗo da tattalin arziki bayan annobar korona domin tallafa wa sanya sola a rufin gine-ginen gona, har da cire tsohon rufin asbesto, wato kayan rufi mai ƙurar da ke cutar da huhu, sannan a 2024 ta taƙaita shimfiɗa farantai a ƙasa a filayen noma. Ban yarda cewa rufi kaɗai zai wadatar da ƙasa da wuta ba, kuma manyan gonakin sola suna da gurbinsu, musamman a ƙasar da ba ta da albarka. Amma megawat ɗaya a ƙasa yana cin kusan hekta biyu, kuma yana da wuya a shawo kan mutanen karkara su ba da filin alkama suna kallon rufin situna a kewaye da su babu komai.

Gine-ginen tarihi kam a ci gaba da neman musu izini. Tsohon sito na dutse da ya shekara ɗari uku amana ce, kuma huda rufinsa ba abu ne da za a bar wa ɗan kwangila ba. Inda na ga dokar Ingila ta wuce gona da iri shi ne yadda haramcin ya haɗa da duk ginin da ke cikin harabar ginin tarihi, har da rumfar ƙarfe ta zamani da ke can bayansa, wadda ba ta da wani tarihi da za a kare. Sauran abubuwan da ake tsoro, kamar ko ƙarfen rufin zai ɗauki nauyin farantai da na dusar ƙanƙara, ko rufin na asbesto ne da Birtaniya ta haramta tun 1999, ko jemagu da mujiya da doka ta kare suna zaune a ciki, duk damuwa ce ta gaske, amma kowacce tana da dokarta da ƙwararrenta. Injiniya ne zai faɗi ƙarfin rufi, ba zaman kansiloli ba.

Injin samar da wuta daga iska lamarinsa daban ne, domin yana da tsawo, yana da ƙara, inuwar fikafikansa kuma tana iya faɗawa tagar maƙwabci, saboda haka sauraron jama'a a kansa wajibi ne. Duk da haka sharuɗɗan da Ingila ta sa a 2015, waɗanda a aikace suka kusan tsayar da irin waɗannan injuna a kan tudu har zuwa watan Yulin 2024 da aka janye su, sun haɗa injin manomi guda ɗaya da manyan tashoshi a ma'auni ɗaya, kuma gonakin da suka fi buƙatar wuta a watannin sanyi da rana ke ƙaranci su ne suka yi asara.

Saura abin da ba a cika magana a kansa ba, alhali shi ne ke kashe aiki da yawa bayan an gama da ƙaramar hukuma. A Birtaniya duk abin da ya haura kilowat 3.68 a kowane layi sai an nemi amincewar kamfanin rarraba wuta kafin a haɗa shi. Gonaki da yawa suna can ƙarshen siririyar waya mai layi ɗaya da ƙaramar taransifoma a kan turke, waɗanda aka kafa domin kai wuta gona, ba domin karɓo ta daga can ba. Manomi zai iya samun amsa cewa sai ya biya kuɗin ƙarfafa layin, kuɗin da wani lokaci yakan kai ko ya zarce na farantan kansu, ko kuma a ƙayyade masa abin da zai tura waje har lissafin ya daina fita. Tun da aka rufe wa sababbin masu shiga tsarin tallafin da ke biyan masu sola tsayayyen farashi kan wutar da suka samar a 2019, ribar ta koma ga wutar da gona ke sha da kanta da ɗan abin da ta sayar, don haka kowane wata na jira yana da tsada.

Ina ganin adalci ne a ɗaure kamfanonin rarraba wuta da irin igiyar da aka ɗaure ƙananan hukumomi: wa'adi bayyananne na ba da amsa, bayani a fili kan abin da kowane layi zai iya ɗauka tun kafin manomi ya kashe kuɗin bincike, da raba kuɗin ƙarfafa layi tsakanin duk waɗanda za su amfana da shi maimakon ɗora shi a wuyan wanda ya fara nema. Mai gidan kajin nan da fankokinsa ke juyawa da tsakar rana ya riga ya samu izinin gini a mafi yawan waɗannan ƙasashe, takardar da yake jira yanzu ita ce ta kamfanin da ke da turken wutar da ke ƙofar gonarsa.