A Taya Ake Gane Maƙerin Ƙaramar Mota

Jama'a, duk wanda ya ce haɗa 'yan ƙananan motocin kwaikwayo wasan yara ne, a ba shi aikin taya guda ɗaya mu gani.

Jikin mota ba shi ne matsala ba. Yaran Gangare da Unguwar Rogo a Jos sun daɗe suna lanƙwasa gwangwanin madara su fitar da tirela har da madubi. Amma duba ƙasa: murfin kwalba, ko tsohon silifa da aka yanke da reza, ramin tsakiya ya karkace, mota na tafiya tana ɗingishi. Nan aikinmu ke tsayawa kullum, kuma a ganina ba hannu muka rasa ba, awo muka rasa.

Masu wannan sana'a a waje da lissafi suke farawa. Motocin Hot Wheels da Mattel ya fara fitarwa a 1968 galibi 1:64 ne, wato an rage motar gaske sau 64. Akwai kuma 1:24 da 1:18. Ɗauki rim mai inci 14, kusan milimita 356 ke nan. A 1:24 zai dawo kusan milimita 15, a 1:64 bai kai 6 ba. Ka kuskure da rabin milimita, ido zai gani tun daga nesa. Wasu kan fiƙe rim ɗin daga alminiyam a injin juya ƙarfe, wasu su zana a kwamfuta su buga da firintar 3D, wasu su yi guda ɗaya mai kyau su ɗauki siffarsa da silikon su riƙa zuba resin, wato ruwan roba mai daskarewa. Robar taya kuwa, zoben robar da masu gyaran famfo ke sayarwa ya wadatar.

To, wanne ne ya fi ƙarfin Jos? Masu injin fiƙe ƙarfe da ke yi wa makanikan Dilimi da Farin Gada bushin na iya fitar da rim huɗu daga guntun da suke zubarwa. Sai dai in ka kai musu, dariya za ka fara sha: "Alhaji, wannan ɗan abin zan kunna wa janareta?" Gaskiyarsu, man fetur ba kyauta ba ne. Shi ya sa nake ganin masu sha'awar su haɗu su kai aiki da yawa lokaci guda, da awo a rubuce, ba "kamar wannan" ba.

Ni dai burina Peugeot 504 irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, a 1:24, da rim ɗinta mai noti huɗu. Wa ke da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi, a kusa da Terminus ya ara min?