Rijiyoyinmu na ƙafewa, mu kuma muna cike kududdufai

Duk sanda aka taɓo batun tattalin ruwa, abin da ake fara gaya wa mutanenmu shi ne su riƙa rufe famfo. Wane famfon? Matar da ke Kurna ko Rimin Kebe, mai sayen jarka daga kurar 'yan garuwa, ba ta buƙatar wannan nasihar. Ruwan da ta wanke shinkafa za ta ba akuya, na ɗaurayar kaya za ta yayyafa a tsakar gida kafin shara. Ɓarnar da ke cinmu a Kano tana wani wuri daban, kuma zamana a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ne ya sa na ƙara ganinta ƙarara.

Ina garin nan aka yi farin da ya faro a 2015. Damina uku a jere ruwa bai yi abin kirki ba, har Theewaterskloof, babbar madatsar da ke shayar da birnin, ta koma fili mai ƙura da busassun kututture. A watan Fabrairun 2018 hukuma ta ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, wato jarka biyu, ta kuma yi gargaɗin cewa in madatsun suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100 za a rufe famfuna, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25. Mutane suka koma wanka a tsaye cikin baho, su tara ruwan su kora ban ɗaki da shi. Ga masu hali wannan tashin hankali ne. Ga talakawan unguwanni irin su Khayelitsha kuwa, da ma a layin famfo suka tashi, kamar namu.

Ranar rufe famfon ba ta zo ba. Birnin ya rage shan ruwansa da fiye da rabi. Abin da ya fi burge ni shi ne kowa ya san lissafin. Kowane mako ana sanar da yawan ruwan da ya rage a madatsai, direban tasi ma zai faɗa maka adadin.

Mu fa? Ruwan samanmu daga Tekun Atlantika yake tasowa. Rana ta dafa teku, tururi ya tashi, iskar damina ta koro gizagizai arewa, su iso mana wajen Mayu ko Yuni, kafin ƙarshen Oktoba an ɗauke. Abin da ya sauka yana rabuwa uku: wani ya kwarare zuwa rafi, wani rana ta sake kwashe shi, wani ya nutse cikin ƙasa. Wannan kaso na uku shi ne rumbunmu, da shi muke cin rani. Kuma rumbun Kano ba babba ba ne, domin birnin a kan fa yake zaune. Ruwan yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za ka ga an haƙa burtsatse a gida an samu ruwa, maƙwabci ya haƙa ya tarar da dutse.

To yanzu duk mai ɗan hali sai ya kira masu injin haƙa. Layi ɗaya, burtsatse biyar ko shida, kowa na zuƙa. Rijiyar guga ta tsofaffin gidaje ita ke fara ƙafewa, sai a ce ai rani ne ya yi tsanani. A lokaci guda kuma mun toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya koma ƙasa. Tsakar gida siminti, ƙofar gida siminti, indararo ya zubo kai tsaye cikin kwata.

Kududdufai su suka fi ci mini rai. Kakanninmu sun haƙa su ne don ɗibar ƙasar gini, amma aikin da suka riƙa yi wa gari ya wuce haka nesa. Da an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, can yake taruwa maimakon ya shiga ɗakunan mutane, sannan ya yi watanni yana tsatsafowa cikin rijiyoyin unguwa. Mun mayar da su juji, da suka cika da shara aka yanka su filaye. Sakamakon biyu ne, kuma duk muna ɗanɗana: ambaliya a Agusta, ƙishirwa a Afrilu. Na san za a ce kududdufi matattarar sauro ce da ƙazanta, yara kuma na faɗawa. Gaskiya ne. Maganin wannan shi ne yashewa da katangewa da hana zuba shara.

A arewacin Kef Tawun akwai wani gari mai suna Atlantis. Fiye da shekara 40 ke nan suna tara ruwan saman da ya bi tituna, haɗe da ruwan gidaje da aka tace, a manyan tafkuna da aka haƙa cikin rairayi. Ruwan ya nutse, rairayi ya ƙara tace shi, sai a jawo shi ta rijiyoyi a gaba. Injiniyoyi na zuwa daga ƙasashe don su gani. Kududdufi ne, sai dai an ba shi ma'aikata da kasafin kuɗi.

Ba ma sai an zo Afirka ta Kudu ba. 'Yan'uwanmu na yankin Tawa a Nijar sun farfaɗo da faƙo da ramukan tassa da na rabin wata, masu riƙe ruwa har ya shige ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram kuma sun daina sare tohon gawo da sauran itatuwa a gonaki, har aka kiyasta sun rayar da kimanin hekta miliyan 5.

Abin da nake roƙon hukumomin Kano da masu unguwanni bai fi ƙarfinsu ba. A ƙirga kududdufan da suka rage, a haramta cike su. A yi rajistar kowace burtsatse, a keɓe wasu rijiyoyi da za a riƙa auna zurfin ruwansu duk wata ana sanarwa a rediyo. Duk wanda zai yi sabon gini a sa shi ya bar wani yanki ba siminti, da ramin tsakuwa a ƙarƙashin indararo. Masallatai su fara: ruwan alwalar jama'a sau biyar a rana ya isa ya raya itatuwan harabar, maimakon a sake shi ya bi kwata.