Daren Da Na Zama Tafintan Buzanci A Daura

Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai taurin kai akan waƙa irin abokin nan nawa ba, bari in sakaya sunansa don duk abin da na rubuta sai ya karanta. Tare muka taso a nan Daura, yanzu ma shagonsa na gyaran waya yana kallon nawa. A wurinsa waƙa ta ƙare tun 1999, ranar da aka rufe Shata a garin nan, duk wanda ya buɗe baki bayan nan hayaniya kawai yake yi. In kace masa ga wani mawaƙi sai ya fara yi maka tambayoyin kabari. Yana da kalangu? A'a. Yana da 'yan amshi? A'a. ABU ta ba shi dakta kamar yadda ta ba Alhaji a 1988? A'a. To tashi ka ban wuri.

Ni kuma tsautsayi yasa wani direba mai zuwa Damagaram ta Kongolam ya tura mini waƙoƙin Bombino a memori, tun daga ranar ban sake zama daidai ba. Buzu ne mutumin Agadas, shi ke tsara waƙarsa, shi ke rerawa, shi ke kaɗa jitarsa, kuma jitar nan in ta ɗauko hanya sai kaji kamar kana bayan raƙumi yana rangaji da kai ba ka san inda za a sauke ka ba. Da ita nake buɗe shago da ita nake rufewa, har uwargida ta fara tambaya ko wani abu aka yi mini a shayi.

Sai na ci alwashin sai na jawo mutumin nan. Na yi shiri kamar mai zuwa kotu, kwana biyu ina tonon intanet har data ta ta ƙare. Na haddace cewa a 1980 aka haife shi, da rikicin tawaye ya tashi a 1990 iyayensa suka gudu da shi Aljeriya, a can gudun hijira ya fara taɓa jita. Na haddace cewa sunan ma laƙabi ne daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan ƙaramin yaro, don shi ne auta a cikin makaɗan da ya fara bi. Da wani rikicin ya sake ɓallewa a 2007 ya tsallaka Burkina Faso, sai 2010 ya dawo Agadas. Duk na jera su a kaina tsaf, na ari sifikar ƙanina mai bulutut, bayan isha'i na nufi majalisarmu ta wurin mai shayi.

Na kunna. Mutumina yana juya cokali a kofi, bai ɗago ba, aka yi kamar minti ɗaya da rabi sannan yace, "To yaushe zai fara?"

Nace ai ya fara tun ɗazu.

Yace, "Au, ni na zaci tsirkiya yake gyarawa."

Na haɗiye. Na sako masa tarihin da na haddace tun daga Aljeriya har Burkina, na ajiye babban makamina sai ƙarshe, nace faifansa na 2018 har takarar Grammy ya shiga a Amurka, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Yace ya ci? Nace bai ci ba amma dai an sa sunansa. Yace to ai faɗuwa zaɓe kenan, ko kawuna ya taɓa tsayawa kansila. Majalisa ta kwashe da dariya, har da mai shayi da nake ciyar da shi ciniki kullum.

Sai ya ajiye cokali ya yi tambayar da ta kashe ni. "Malam, waƙa fa magana ce. Me yake cewa?"

Jama'a, kalma biyu na sani a Buzanci duk duniya, tenere wato hamada, da tanemmirt wato na gode. Amma na san in nace ban sani ba shikenan an tashi wasa. Ban san lokacin da bakina yace ai ina ɗan taɓawa ba, zama da direbobin Nijar. Na karkata kunne wajen sifika, na lumshe ido irin na masana, nace yana cewa raƙuminsa ya ɓace a hanyar Bilma. Naga ba wanda ya motsa. Na tuna mutumina ba abin da yake so a waƙa irin zambo da habaici, sai na canza layi, nace to yanzu ya shigo kan wani attajiri marowaci da ya karɓi gishirinsa bashi ya hana shi kuɗi.

Ai kuwa ya gyara zama. "Af, ashe yana zambo?"

Nace zambo kai! Daga nan shaiɗan ya karɓi sitiyari. Nace yana cewa attajirin nan shekara bakwai rawaninsa ɗaya, ganyen shayi ɗaya yake dafawa ya shanya ya sake dafawa, in baƙo ya yi sallama sai ya kashe garwashi ya yi minshari. Duk inda jita ta yi ƙara sai ince kun ji nan, nan ya ambaci surukarsa. Majalisa ta matso, ana ta tafa hannu, wani mai acaɓa har ya fasa ɗaukar fasinja. Mutumina da kansa yace kai wannan Buzun ba shi da kirki, maido baya in ji wurin rawanin. Wallahi a lokacin ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

Abin da na manta shi ne dattijon da ke ƙarshen benci. Shekara nawa yana gadin wani sito a layin, kullum da dare yakan zo ɗiban garwashi don dafa nasa shayin a 'yar butarsa, rawani ya rufe komai sai ido, bai cika magana ba shi yasa ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Sai da na hango kafaɗunsa suna rawa sannan cikina ya bada ƙulululu. Kafin in kashe sifika mai shayi yace, "Af Baba, ai yarenku ne ma, haka yace?"

Dattijo ya ƙara jan rawani sama yace a sake sa masa daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ba wanda ya ko kurɓi shayi. Sannan ya dube ni da wannan Hausar tasu mai sanyi yace, "Yaro, ina raƙumin?"

Nace ƙila a waƙa ta gaba ne Baba.

Yace babu raƙumi, babu gishiri, babu attajiri, surukar ma babu. Mutum ne yake kewar gida da 'yan uwa da hamada, irin kewar nan da ke kama wanda ya yi nisa da nasa, su asuf suke ce mata. Ya ɗan yi shiru kamar shi ma ta taɓa shi, har na fara murna ko abin zai tsaya a nan, sai ya ƙara da cewa, "Amma taka ta fi ban dariya, in ka haɗu da shi ka ba shi ya rera."

Mutumina sai da ya sauko daga benci ya riƙe ciki. Ni kuma don in tsira da ɗan abin da ya rage nace tanemmirt Baba. Ashe na ƙara tono wa kaina rami, dattijo ya ji daɗi ya zubo mini wata doguwar magana da Buzanci, na ɗaga hannu biyu na shafa nace amin amin. Daga baya ya fassara wa majalisa, wai tambayata ya yi nawa ake sayar da sifikar.

Kuma duk wannan bai ƙona mini rai kamar abin da ya biyo baya ba. Dattijo ya juya wajen mutumina yace ko kana da Shata a wayar nan, na Sarkin Daura Mamman Bashar nake so, tun muna samari muke kama shi a Rediyon Kaduna. Aka cire wayata aka jona tasa. Da sifikar da na aro, da cajin da na yi da kuɗina, Buzu da Badauri suka zauna suna gyaɗa kai har batir ya mutu, ni ko na biya kuɗin shayin uku don ban ma san me nake yi ba.

Na dai ga ƙafarsa tana bin jitar nan tun kafin in fara ƙarya, na gani da idona, amma ya rantse sauro ne yake cizonsa. Yanzu duk layin ba mai kirana da sunana. Jiya ma da rana wata akuya ta tsaya bakin shagona tana ta kuka, sai ga shi ya leƙo da waya a buɗe a hannunsa yace, "Tafinta, don Allah me take cewa?"